Ƙwan da Tarmizi Ya Tsayar

Rosnani ta tura ƙofar ɗakin ƙungiyar ɗaliban fiziks da ƙafa, hannuwanta riƙe da tiren ƙwai. Sababbin ɗalibai suka biyo ta har bakin ƙofa, suka ja suka tsaya.

"Ku shigo mana. Ko sai an shimfiɗa muku darduma?"

Babu wanda ya motsa. Duk idanunsu suna kan teburin ƙurya, inda ƙwai ɗaya yake tsaye a kan gindinsa, ƙura ta kewaye shi.

Yau ce ranar da rana take tsayawa a tsakar ka a garinsu, Pontianak, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, mutanen gari su fito suna tsayar da ƙwai, wai a ranar kaɗai yake tsayawa. Aikin ƙungiyar shi ne ta nuna cewa ƙwai yana tsayawa kowace rana, in da haƙuri. Bang Tarmizi, wato Yaya Tarmizi a harshensu, shugabansu na da, shi ya tsayar da wancan a irin wannan rana. Washegari kogin Kapuas ya ci Tarmizi. Tun daga nan an yi tsawa, motocin yashi sun girgiza ginin, ƙwan bai faɗi ba. 'Yan ƙungiya suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Rosnani kaɗai take zuwa taro, ta share ɗaki, ta zauna, ta kulle. Shugaban sashe ya ce in yau ba ta samu mutane ba, ɗakin zai koma ma'ajiyar kujeru.

"Kak Ros," wato Yaya Ros, in ji wata sabuwa mai suna Yuliana, "an ce ana jin jan kujera a nan da rana tsaka."

"Ni ce mai jan kujerar."

Akiong, tsohon ɗan ƙungiya, ya leƙo daga bayansu. "Kak, mu yi taron a gindin bishiya mana. Iska ma ta fi."

"Kai Akiong, ka kusa gama digiri, ƙwai ya kore ka daga ɗaki? Da kaza ce fa, sai ka bar garin?"

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

Rosnani ta ajiye tiren. "Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙuraje. A kansu yake tsayawa. Shi ke nan."

Ta nufi ƙuryar. Ita ma ba ta taɓa taɓa ƙwan ba, tsintsiyarta kullum kewaye teburin take yi. A waje inuwar ginshiƙan baranda ta ɓace, ko tsuntsu ba ya kuka.

Ta ɗauki ƙwan.

Ta zaci za ta ji shi sakayau, busasshe. Yana da nauyi. Kuma da ɗumi, kamar yanzu aka sauke shi daga tafin wani. Rana ba ta taɓa kaiwa ƙuryar nan ba.

"Yaya, Kak?" in ji Akiong daga bakin ƙofa.

Ta juyo, ta ɗaga shi sama.

"Ƙwai ne."

Yuliana ce ta fara shigowa, sauran suka biyo, kowa ya ɗauki nasa a tire, hayaniya ta cika ɗakin. Yuliana ta miƙo hannu.

"Kak, ba ni in taɓa."

Rosnani ta dunƙule hannunta. "Wannan na shugaba ne, ƙanwata. Ɗauki naki."

Ta sa shi a aljihun siket, ta buɗe taro. Har aka tashi bai huce ba.