Fitilun Jirgin Ammi Bandar

Karo na uku ke nan Badaru yana fitowa daga ƙarƙashin teburin, dalma a hannu, guntun waya a baki. Ya danna makunni. Ƙaramin jirgin ƙasan, wanda bai fi tsawon kamu biyu ba, ya taho mararraba mai rassa uku ya miƙe ta tsakiya. Koren ƙwan fitila ya kama a jikin allon sarrafawa.

Ammi Bandar ya girgiza kai, ya ce ja ne ya kama.

Ammi Bandar shi ne kafilin Badaru, wato ubangidan da ya tsaya masa yake zaune a Saudiyya. Tun da ya yi ritaya ya mayar da falonsa na unguwar Sharafiyya a Jidda filin jirgin wasa, har da tasha da gada da dabinai na roba. Abin da yake so bai da yawa: in jirgi zai bi hagu ja ya kama, tsakiya kore, dama rawaya. Jikokinsa za su zo ranar Juma'a. Iƙamar Badaru kuwa, wato takardar izinin zamansa, ranar Alhamis za ta ƙare, kuma tsohon ya rantse ba zai sabunta takardar mai wayarin da ya kasa ƙwai uku ba.

Shekara goma sha ɗaya Badaru yana yi wa gidaje wayarin a Jidda, ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Ya sake bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daga injin farko mai karkata layin dogon zuwa na biyu, daga na biyu zuwa allo. Komai daidai. Don a zauna lafiya ya musanya ja da kore. Tsohon ya leƙa, ya ce har yanzu ja ne. Badaru ya fara zargin kansa, har ya karanta Falaƙi da Nasi ya tofa a kan allon.

Da aka kira la'asar Ammi Bandar ya shiga alwala. Fatu, haifaffiyar unguwar Sa'alaba a nan Jidda, da ta shekara ashirin tana girki a gidan, ta kawo shayi. Ta dubi tulin wayoyin, ta dubi Badaru yana zufa duk da sanyin esi.

"Ɗan'uwa, halas, bar wahalar da kanka," ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci. "Mutumin nan ba ya bambance ja da kore. Ko tumatir ba ma aikensa, ɗanye yake kwasowa."

Badaru ya tambaya ko ba wanda ya taɓa gaya masa. Ta ce marigayiya matarsa ta gwada sau ɗaya, ya yi sati bai ci abincinta ba. Ya ce to yaya yake tuƙi? Ta ce ya haddace fitilun danja ne: in ta sama ta kama ya tsaya, in ta ƙasa ya wuce.

Badaru ya ajiye kofin. Ya cire ƙwayayen nan uku ya zuba a aljihu. Ya ɗauki alƙalami mai kauri ya zana layin dogo a fuskar allon, ya raba shi gida uku kamar yadda mararrabar take, ya huda kowane reshe ya dasa farin ƙwai.

Da tsohon ya dawo daga masallaci, Badaru ya danna makunni. Fitilar reshen hagu ta kama, jirgi ya bi hagu. Ta dama, ya bi dama. Ta tsakiya, ya miƙe ya tsaya a tasha.

"Aiwa," in ji Ammi Bandar, yana nuna farin ƙwan. "Wannan shi ne kore."

"Kore shar, ya ammi."

Nan take tsohon ya zaro salula ya sabunta iƙamar. Sannan ya dafa kafaɗar Badaru, ya sassauta murya don kada Fatu ta ji. Ya ce tun safe ya lura da matsalar, bai so ya kunyata shi ba ne. Akwai wani likitan ido abokinsa a kusa da unguwar Balad, gobe bayan azahar shi da kansa zai kai shi.

Badaru ya yi godiya, ya tambaya ko ya zo da katin asibitinsa.