Ɗigon Kwalli

Ruwa ya ɗauke wajen azahar, ya bar tsakar gidanmu da warin kwata da na ɓawon goro. Mu huɗu ne a bakin baho, yatsunmu sun yi fari don jiƙa, muna murje goro muna jefawa a kwando. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, yara ashirin da uku, ana tsakiyar dogon hutu, amma ko tari ba ka ji. Na dubi barandar da muka jera su a kan tabarmi, na ce wa maƙwabciyata Mariamu, "Kin ga aikin hankali ko?"

"Sai ke, Yaya Talatu," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ni ce Talatu, kuma ni na kawo dabarar nan gidan. Ba zan ɗora wa kowa ba.

Wanda bai yi damina a Agege ba, ba zai gane ba. A shekarar 1975 ana ta cewa kuɗin mai ya yi wa ƙasa yawa. Mu dai abin da muka gani, motoci ne suka ƙaru. Ƙofar gidanmu nan manyan motocin goro ke juyawa, bayan gida layin dogo, tsakani kuma kwatar da in ta cika sai ta haɗiye ɗan shekara biyar. Ta ma haɗiye ɗaya a layin bayanmu, daminar da ta wuce. In ana makaranta, malamai na riƙe mana su har azahar. In aka ba da hutu, wata biyu cur, uwa ta shiga uku. Maza tun asuba sun watse, wasu mayanka, wasu dako a Ijora. Mai goro kuwa ba ruwansa da hutu. Kwandon da ya ajiye da safe, a wanke a ware yake son sa kafin motar Kano ta tashi da la'asar, in ba haka ba gobe ya kai wani gida.

Wani mai tallan magani a keke ne ya nuna mini kwalbar. Ruwa ja mai zaƙi, wai na tari. "Cokali ɗaya, Iya," in ji shi, "yaro ya kwanta, ke ki yi aikinki." Na gwada a kan nawa, suka yi barci daga hantsi har la'asar. Kafin mako ya zagayo, matan gidan sun raɗa masa suna Hutun Uwa.

Da yake yaran a cakuɗe suke, kuma wadda hannunta ya sarara ita ke bayarwa, sai na kafa doka: duk yaron da aka ba, a ɗiga masa kwalli a goshi. Mai ɗigo ya sha, marar ɗigo bai sha ba. Daga wasu gidajen har zuwa ake yi a tambaye ni yadda muke yi, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

*

Da hantsin ranar da na fara ba da labarinta, Mariamu ta fita tasha sayo ganyen da muke naɗe goro, ruwa ya tare ta a can. Ina tsugune ina kwashe kwanduna daga bakin feshi, sai na hango ƙaramar 'yarta Hansai a ƙarƙashin indararo, ta ɗaga fuska sama, ruwa na dukan ta tana dariya. Shekararta shida, 'yar firit, baki kamar reza.

Na fizgo ta, na goge mata jiki da gefen zanena, na dubi goshin. Fes.

"Buɗe baki."

"Inna Talatu, na sha. Mama ta ba ni."

"Ina ɗigonki?"

Ta shafa goshi, ta dubi yatsunta. "Wallahi na sha."

Kullum haka suke cewa, don ba sa son barcin. Ni kuwa ga kwando bakwai na jira na. Na yarda da goshi, ban yarda da yarinya ba. Na cika cokalin har yana neman zuba, don na san taurin idonta, na ɗura mata. Na dangwalo kwalli da babban yatsana na manna mata, na kwantar da ita kusa da yayarta Fatu.

*

Motar Kano ta tashi da kayanta cif. Yara suka fara tashi ɗaya-ɗaya, idanu a kumbure, suna tangaɗi zuwa bakin famfo. Fatu ta girgiza ƙanwarta, ta sake girgizawa.

"Mama, Hansai ta ƙi tashi."

Mariamu ta je tana share hannu a zani. Ta durƙusa, ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

"Wannan ɗigon ba nawa ba ne. Ni da tsinke nake yi."

Duk gidan an san ɗigon babban yatsa nawa ne.

Ta goya ta, na bi su ba ko takalmi. Muka samu danfo, bas ɗin haya, a bakin titi, ya yi tafiya kaɗan ya tsaya cik a cunkoson motoci. Kwandasta na zagin wani direba da Yarbanci, masu talla na cusa mana burodi ta taga. Ina kallon ƙafar Hansai tana lilo a kwankwason uwarta. Can Mariamu ta ce, "Yaya, ta ƙara nauyi." Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba, kamar an ɗura mini kwalbar gaba ɗaya.

A asibiti wata nas ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta sake ta. Ta tambaye mu me ta sha.

"Maganin tari," na ce.

"Tana tari ne?"

Ta dube mu, ba ta sake tambaya ba.

*

Aka ce wa maza zazzaɓin damina ne, ai ta sha dukan ruwa. Ladan, uban yarinyar, ya ce Mai abu ya karɓi abinsa. Na jira Mariamu ta tona ni, ko ta shaƙe ni, ko ta tofa mini yawu. Da ta yi, da na samu sauƙi. Sai ta riƙa gaishe ni kullum da safe yadda ta saba.

Kwana bakwai ba a taɓa kwalbar ba. A cikin kwanakin aka tsamo Sa'idu, ɗan ɗakin ƙarshe, daga kwata da ƙyar, aka kuma kamo yara uku suna jera duwatsu a kan layin dogo. Goro ya kwana a baho har sau biyu. Mai goro ya yi mana ta'aziyya da kyau, sannan ya ce daga Litinin, in aikin ya fi ƙarfinmu, akwai gidajen da ke nema.

Ranar Lahadi matan gida suka zauna a bakin murhu. Aka juya magana, aka juya, aka tsaya a kan cewa laifin kwalli ne, shi da ruwa ke wankewa. Daga yanzu jan zare za a riƙa ɗaurawa a wuyan hannu, in yaro ya farka a tsinke. Ruwa ba ya wanke zare. Wata ta ce kai, wannan ya fi. Ina zaune a wurin, ban ce a'a ba.

Litinin da hantsi kwanduna suka iso, hadari na haɗuwa ta wajen Ikeja. Ina ɗaura zani sai ga Mariamu a ƙofar ɗakina, ta riƙo Fatu da hannu ɗaya, ɗaya hannun da kwalba da cokali da ƙullin jan zare. Ta rame, idanunta a bushe.

"Yaya, ki ba ta. Hannuna rawa yake, kada in wuce cokali."

"Maman Fatu, ni?"

"Ke kika iya awo."

Na nemi zagi a fuskarta, ban samu ba. Iyakar gaskiyarta take faɗa. Ta juya ta nufi baho.

Fatu ta miƙo mini hannayenta biyu, ta juya su ciki da baya don in gani da kyau.

"Inna Talatu, ban sha ba," ta ce. "Duba."

Ta buɗe baki tana jira. Saura mako huɗu a koma makaranta. Na tsinko zaren da haƙorina.