Ranar da Aka Haifi Odile

'Yata Tamsin tana da cikin wata bakwai ta shigo gidana da wata takarda mai shafi uku, ta ture kofin shayina gefe ta shimfiɗa ta a kan tebur.

"Baba, sa tabarau. Kai za ka karanta, ni in amsa."

Shekarunta ashirin da shida a lokacin, tana ajin ƙarshe a makarantar koyon jinya a nan garin Duluth na Amurka. Mai cikin ya tafi Alaska, ko waya bai sake yi ba. Tun cikin yana wata huɗu ta yanke shawarar ba wasu ma'aurata jaririyar ta zama tasu. Na ce ni zan riƙe, ta dubi sandata da kwalaben maganina ta ce, "Baba, kai ma ai riƙonka ake yi." Da kanta ta zaɓi mutanen: Corinne da mijinta Anselm, mazauna Fargo, wani gari mai nisa da mu, shekara tara da aure ba haihuwa.

Takardar daga ofishin da ya haɗa su ta fito, duk tambayoyi ne kan yadda take so ranar haihuwar ta kasance.

"Wa zai tsaya da ke a ɗakin haihuwa?"

"Kai."

"Ni? Ranar da aka haife ki suma na yi, marigayiya uwarki ta ce a kwashe ni a fitar."

"To a ba ka kujera. Rubuta."

Yanke cibiya kuwa, ta ce Corinne ce za ta yi. Da muka zo kan wanda zai fara ɗaukar jaririya sai ta kama murza bakin rigarta.

"Ni," ta ce. "Awa ɗaya. Kuma da hannuna zan miƙa ta, ba nas ba. Baba, ko na cika son kai?"

Na ce ta tambayi mai abin. Ta kira Corinne a nan take, ina jin muryar matar ta cikin wayar: "Awa ɗaya kacal? Haba, Tamsin. Ki ɗauki duk lokacin da kike so, sai kin kira za mu shigo."

Naƙuda ta zo da sauran mako uku, da sanyin safiya, ƙanƙara na ta zuba, muka nufi asibiti. Su Corinne suka taso daga Fargo amma hanya ta riƙe su. Kafin azahar yarinya ta faɗo, don haka ni aka miƙa wa almakashi. Na yanke cibiyar, kuma ban suma ba, ko da yake nas ɗin ta riƙe mini gwiwar hannu.

Aka ɗora ta a ƙirjin Tamsin. Ta ƙirga mata yatsu, ta shinshina kanta, ta yi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ban matsa na ji ba, maganar ba tawa ba ce. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, ba wanda ya dubi agogo.

Wajen la'asar na fita neman ruwa, sai ga Corinne da Anselm zaune a kan benci, rigunan sanyinsu a cinya, takalmansu har sun bushe.

"Yaushe kuka iso?"

"Mun ɗan jima," in ji Anselm.

"Shi ne ba ku sa an faɗa mana ba?"

Corinne ta ce, "Ba ta kira ba tukuna, Baba." Idanunta sun yi ja, hannunta riƙe da wata 'yar hular ulu duk ta cukuikuye ta.

Na koma na gaya wa Tamsin. Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ka ga irin mutanen da na zaɓa? Shigo da su."

Ta miƙa yarinyar da hannunta biyu. "Ga ta. Ki tallafe ta ta hagu, ta fi so." Corinne ta karɓa, amma ba ta ja da baya ba. Ta zauna a bakin gadon, kafaɗarta jingine da ta Tamsin, suka yi ta kallon fuska ɗaya. A nan suka sa mata suna Odile. Anselm ya tsaya bakin taga yana ta fyace hanci, wai mura ce.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Bayan ta sa hannu a takardun miƙa yarinyar, Tamsin ta yi mako biyu a tsohon ɗakinta a gidana, sai na yi da gaske take shan miya. Wata safiya ta fito ta ce in kai ta makaranta.

Yanzu Odile ta shekara biyu, Tamsin kuma tana aiki a sashen yara na asibiti. Asabar ɗin farko ta kowane wata muna hawa mota zuwa Fargo. Yarinyar tana kiran Corinne Mama, Tamsin kuma Tam. Ni kuwa ba ta cin abinci sai daga farantina. Anselm ya ce ina ɓata ta, na ce ya kai ƙara.