Wa'adin Tentek

Burul tana tsaka da murza ƙullun burodi saƙon ya shigo wayar marigayi mijinta Sagyn. Ta goge hannu, ta ɗora tabarau, ta karanta har sau biyu. Kamfanin wasan kwamfuta ne ke sanar da mutumin da ya haura wata biyar a kabari cewa ya daɗe bai leƙo ba, kuma in kwana bakwai suka wuce bai shiga ba, za a share Tentek. Don tsabar rashin kunya har da hoton fuska mai murmushi a ƙarshe.

Tentek wani tsohon makiyayi ne mai ido ɗaya a cikin wasan da Sagyn ya shekara shida yana bugawa, tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a gidansu na hawa na uku a garin Naryn. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana bin tumaki kan duwatsu yana yi musu allura, sai ga shi daga gado sai kujera. Tentek ne ya mayar da shi kan dutse. Tare suke keta ƙanƙara, su kori kyarkeci, su hura wuta. Ga Tentek da baƙin baki. In Sagyn ya yi kwana biyu bai buɗe wasan ba, zai tarar da shi bakin bukka yana harararsa, ya ce, "Ka dawo? Ai na ɗauka ka mutu." Sagyn ya yi ta dariya har yawu ya zubo masa.

Da fari Burul ta tsani tsohon nan kamar me. Amma wanda kake jin muryarsa kullum a falonka, ko ba ka so sai ya zama ɗan gida. Ta san yagar da ke kafaɗar rigarsa, ta san irin tarin da yake yi in yunwa ta kama shi. Har faɗa take masa in ya yi gaba ya bar Sagyn a baya.

Da Sagyn ya rasu ba su da doki. Ga al'adarsu, dokin mamaci ake yanke wa jela, a sake shi cikin garke, ba mai hawansa sai shekara ta zagayo. Burul ta duba gidan kaf, ba ta ga abin da ya ɗauki mijinta ya kai shi nesa ba sai wannan kwamfutar. Ta ɗora farar hularsa a kanta, ta ce ba mai taɓa Tentek sai an yi sadakar shekara. Yanzu wasu da ba su taɓa sanin Sagyn ba sun zauna a ofis sun yanke wa makokinta wata shida.

Ta kira lambar da ke ƙasan saƙon. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ɗauka.

"Inna, ai abu ne mai sauƙi. Mai wasan ya shiga sau ɗaya kawai."

"Mai wasan yana maƙabarta, 'yata. In kina da hanya ki je ki taso shi."

"Allah ya jiƙansa. To ke ki shiga mana."

"In hau dokin mamaci shekara ba ta cika ba? Gidanku ba manya?"

"Inna, doki kuma? Ni dai ƙa'ida ce, na'ura ce ke sharewa."

"To ba ni na'urar mu yi magana!"

Yarinyar ta ce tana fatan ta taimaka, ta kashe. Burul ta ajiye wayar cike da takaici.

Kwana na shida Kubat, wan Sagyn, ya zo. Shekara talatin da huɗu tana gidan nan ba ta taɓa kama sunansa ba, sai Yaya, shi kuma har yau da furfurarta Amarya yake ce mata. Ta zuba masa shayi, ta tura masa soyayyen burodi da man shanu, ta faɗa masa damuwarta. Ta ɗauka babba zai nemo mafita.

Sai da ya gama tauna sannan ya yi magana.

"Amarya, ke ma dai! Zanen yara kike wa takaba? Bari su share. Dokin gaske ma ai yanka shi ake yi in shekara ta cika. Wannan ko romo ba za a sha ba."

Ya yi dariya shi kaɗai. Wannan mutumin, da tsakanin gidansa da nan bai fi tafiyar shan shayi ba, sau huɗu ya tako a shekara shida, wai gwiwa ba ta son bene. Yau da ake da soyayyen burodi gwiwar ta warke.

"Kubat," in ji Burul.

Kofin ya tsaya a iska.

"Me kika ce?"

"Kubat na ce. Zanen yaran nan kullum yana tare da ƙanenka. Bai taɓa cewa gwiwa ba. Ka shanye shayinka, ƙofa a buɗe take."

Bai shanye ba. Tana jin sa yana sauka yana sababi, da saurin da ya ba ta mamaki.

Washegari da hantsi ta zauna a kujerar Sagyn. Ta kwana tana juya abin: an hana hawan dokin mamaci, amma ba wanda ya taɓa cewa a bar shi da yunwa. Ba za ta kai Tentek ko'ina ba, abinci kawai za ta ba shi ta fita. Ta ɗage hular ta rungume a ƙirji, ta kunna, ta danna haruffan sirrin da Sagyn ya rubuta mata a bayan kwalin magani.

Ga bukkar, ga tokar wutar da suka hura ranar ƙarshe. Tentek na zaune da yagaggiyar rigarsa. Ya ɗago, ya yi tarin nan nasa, ya harare ta da ido ɗaya.

"Ka dawo? Ai na ɗauka ka mutu."

Burul ta ƙara rungume hular, ta ce:

"Ya mutu, ɗan banza. Wata shida kana zaune, ko ka tambaya."

Ta lalubo maɓallin, ta miƙa masa burodi. Ya karɓa yana ci yana mita cewa ya bushe, kamar yadda ya saba, ita kuma ta zauna tana kuka har ya cinye.