Kafin Dogo Ya Iso

A masana'antar bututun roba akwai wani babban inji da kowa ke ci daga juyawarsa. In ya tsaya, roba ta daskare a cikin na'ura, sai an wuni ana ƙwaƙularta. A cikin akwatin wutarsa kuma akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Aikinta ɗaya ne: idan injin ya ja wuta fiye da ƙima, sai ta katse masa ita kafin koyil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa, ya ƙone. Ma'aikata ba su taɓa gode mata ba. Magulmaciya suke kiranta, domin duk lokacin da ta katse wuta, Manaja kan jiyo shirun daga ofishinsa ya sauko.

Da katsewar ta yi yawa, Manaja bai tsaya ɓata lokaci wajen neman dalili ba. Ya kira shugabannin aiki biyu, Baffa na masu aikin safe da Dogo na masu aikin yamma, ya ce duk wanda injin ya sake tsayawa a hannunsa, ya kama gabansa.

Dabarar ta yi aiki ƙwarai. A jikin Magulmaciya akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa don a nuna mata iyakar wutar da za ta bari ta wuce. Baffa ya murɗa shi kaɗan da safe, don kawai ya miƙa injin lafiya. Dogo ya zo da yamma, shi ma yana da iyali, ya ƙara kaɗan. Ba wanda ya gaya wa ɗan'uwansa, kuma kowa ya sani. Injin ya daina tsayawa. Manaja har ya yabi kansa a taron ma'aikata.

Ana cikin wannan zaman lafiya injiniyar wutar kamfanin ta dawo daga hutun haihuwa. 'Yar ƙanen Baffa ce, a gidansa ta tashi, shi ya kai ta makaranta. Kowa na kiranta Injiniya, shi kuwa Auta yake ce mata.

Ta shigo ɗakin injin da rana, an kusa canjin aiki. Tun daga ƙofa ta tsaya tana shaƙar iska.

"Baffa, me ke ƙauri haka?"

"Roba ce, Auta. Ko kin manta abin da muke yi a nan?"

Ta kai bayan hannunta kusa da jikin injin, ta janye da sauri. Ta buɗe akwatin, ta ɗauko mitarta mai baki kamar filaya, ta kama wayoyi ukun da ke kai wa injin wuta ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan inji da layi uku yake aiki, kuma dole su raba nauyi daidai. Nan kuwa biyu suna jan wuta har sun wuce abin da aka rubuta a jikin injin, na ukun yana ta rawa. A gindinsa, inda waya ta shiga, noti ya saki, robar wajen ta yi baƙi ta kumbura. Sai idonta ya kai kan maɓallin Magulmaciya. An murɗa shi har ya ƙure.

"Wa ya yi wannan?"

Wani mai walda da ke zaune a kan ganga yana goge tabarau ya ce, "Aljanu ne, ranki ya daɗe. Suna zuwa sau biyu a rana, safe da yamma."

"Rufe mana baki," in ji Baffa.

Injiniya ta nuna Magulmaciya. "Baffa, ba gulma take yi ba, ciwo take faɗa. Layi ɗaya ya saki, sauran biyun suna ɗaukar kayansa, shi ya sa koyil yake dahuwa. Kun toshe mata baki, ciwon yana nan. A kashe injin yanzu in ɗaure notin."

"A kashe?" Baffa ya maimaita, kamar ta zage shi. "A hannuna?"

"Zan yi wa Manaja bayani."

"Allah Ya ba ki lada. Shi ma ai mai sauraron bayani ne, duk mun san shi." Ya matso, ya rage murya. "Auta, dubi agogo. Dogo yana hanya. Yana sa ƙafa in miƙa masa, ki kashe abinki, ki kwance shi gaba ɗaya in kin so."

"Shi Dogon ba shi da 'ya'ya?"

"Nasa sun girma."

Mai walda ya yi dariya. "Babbansu jiya aka yaye shi."

Ta dubi jan maɓallin kashewa. Yana nan daidai kafaɗarta, ba abin da ya raba su. Ta dubi Baffa, gumi na bin furfurar gemunsa, yana murmushin da yake yi in ya rasa abin faɗa. Tunda take ba ta taɓa ce masa a'a ba, kuma ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta sauke hannunta.

"Yana isowa zan kashe," ta ce.

"'Yar albarka."

Suka tsaya su uku suna kallon ƙofa, kamar injin zai duba agogo shi ma. Ƙarar injin ta sauya, ta yi kauri. Baffa ya ɗauko wani kwali ya shiga yi wa injin fifita, da dukan zuciyarsa. Ta taga suka hango Dogo ya shigo da babur, ya tsaya gaisawa da maigadi. Mutum ne mai ladabi, ba ya barin gaisuwa rabi. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafar maigadi da ke ciwo.

Sai injin ya yi wani gurnani, hayaƙi mai kauri ya fito ta bayansa. Injiniya ta daki jan maɓallin, amma babbar bireka mai katse wutar ɗakin duka ta riga ta faɗi. Ɗakin ya yi tsit.

Dogo ya shigo yana kaɗa hayaƙi da hannu. "Sannu da aiki, Baffa. Na zo karɓa, sai na ga kun riga kun dafa."

Manaja ya sauko. Ya dubi injin, ya dubi agogo, ya dubi Baffa. A karon farko a rayuwarsa ya cika alkawari: ya ce Baffa ya kama gabansa. Injiniya ta nuna masa notin da maɓallin, ta ce ita ma tana tsaye abin ya faru, da ta kashe da bai ƙone ba. Ya ce ta rubuto masa, zai duba in ya samu sarari.

Ta raka Baffa har bakin titi, tana riƙe da jakarsa.

"Wannan notin," in ji Baffa, "da gaske ɗaure shi kawai za a yi?"

"Shi ke nan, Baffa."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya karɓi jakar.

"Kada ki kira Innarki tukuna. Bari in je in ci abinci, sannan in gaya mata da kaina."