Muciyar Gwaiba

Ƙarya ɗaya tak Hiew Kok Fah ya taɓa yi wa 'yarsa, amma fa ta isa. Ranar da aka tashi daga zaman makokin mahaifiyarsa, Sook Yin ta tambaye shi ina muciyar Kaka, wadda take niƙa miyar lui ca da ita. Ya dube ta ido cikin ido ya ce an sa a akwatin gawa, tsohuwa ta tafi da abarta. Yarinya ta fashe da kuka, har da yi masa godiya. Alhali shi da hannunsa ya kwashi muciyar da kaskon, ya haɗa da matacciyar fanka da tsofaffin jaridu, ya jibge a bakin bola.

Ba tun yau ya tsani abincin nan ba. Yana ɗan shekara tara 'yan ajinsu suka hango koren ganye maƙale a haƙorinsa, suka laƙaba masa Akuya, suna binsa da "meee" har ƙofar gida. Daga ranar bai sake kai lui ca bakinsa ba. Ita kuwa uwar, taurin kai ba a magana. Kullum da safe sai ka ji ƙurr, ƙurr, tana murza ganyen shayi da riɗi da gyaɗa da ɗaɗɗoya, ta zuba kwano ɗaya ta ajiye a gabansa, shi kuma ya ture. Shekara arba'in suna wannan, ba wanda ya saki.

To yanzu Sook Yin na da cikin wata shida, kwaɗayi ya taso ta gaba, ba abin da take so sai lui ca irin na Kaka. Na injin markaɗe kuwa ta ce ko kyauta ba ta so. Aka ce mata akwai wata tsohuwa a kasuwar Kulai da har yanzu da hannu take niƙa. Mijinta na aiki a Singafo, don haka uba aka tasa ya kai ta.

Wajen sha ɗaya na safe suka isa rumfunan abinci, ana ta turereniya, ga hayaƙin masu soya taliya. Rumfar tana can ƙurya. Kok Fah na ɗora ido a kan mai rumfar ya ja ya tsaya. Gwaggo Voon ce, tsohuwar maƙwabciyarsu, aminiyar mahaifiyarsa.

"Kai! Wa nake gani kamar Ah Fah?" in ji Gwaggo Voon, tana goge hannu da tsumma. "Dube shi, tumbi ya riga shi isowa! Yau kuma wace rana, Akuya ta zo kiwo da ƙafarta?"

"Haba Gwaggo, a gaban yarinya?"

"Yarinyar da ta kusa yi maka jika? Zauna, 'yar nan, kar ki biye wa ubanki. Kwano biyu ko ɗaya?"

"Biyu," in ji Sook Yin. "Yau sai Baba ya ɗanɗana."

Gwaggo ta jawo kasko mai zane-zane a ciki, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta, ta miƙa hannu bayan buhun gyaɗa ta zaro muciya. Guntuwa ce, da kaɗan ta fi taƙi biyu. Ba mamaki, icen gwaiba haka yake, kasko na cinsa a hankali yana tafiya cikin miya. Wannan muciyar, lokacin da mahaifiyarsa ta zo da ita gidan aure, tsawonta ya kai mata ƙugu. Kok Fah ya san haka, don ya san muciyar. Ga jan zaren a wuyanta. Ga baƙin tabon wuta a gefe.

Sook Yin ma ta gani. Ita ce ta cusa ta a murhu tana 'yar shekara biyar, ta sha faɗa.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "wannan ba muciyar Kakata ba ce? Baba ya ce an binne su tare."

Hannun tsohuwa ya tsaya. Ta dubi Kok Fah, kallo ɗaya, ta ga yadda zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Sai ta ci gaba da niƙa.

"Wace Kakar? Ke dai ciki ya sa ki gane-gane. Muciyar gwaiba ai duk kamarsu ɗaya, a garin Kuluwang na sayi wannan."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, mai kunna turare don girmama kakannin da suka rasu kowace safiya, yau ita ce take shara ƙarya don ta rufa masa asiri. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya ji kunnuwansa na ci da wuta. Kuma ga Sook Yin ta sunkuyar da kai tana cewa, "Yi haƙuri, Gwaggo, na yi kuskure," har tana share ido.

"Ba ki yi kuskure ba," in ji shi. "Tata ce. Ni na zubar a bola. Ƙarya na yi miki."

Sook Yin ta zuba masa ido, shi kuwa ya rasa inda zai sa nasa, sai ya ƙura wa robar cokula ido.

"To tunda ka faɗa da bakinka," in ji Gwaggo Voon, "ƙarƙashin fanka na tsinto ta, kaskon kuwa ya riga ya fashe. Na zauna bakin kwata na yi kukana na more. Zo nan. Zo mana, ka tsaya kamar an dasa ka! A gidajenmu mai jiran ci shi ma yana niƙa."

Ta danƙa masa muciyar. Babban mutum mai kantin kayan gini, da agogonsa da komai, ya tsuguna gaban kasko mutane na wucewa suna leƙe. Bai iya ba. Ya daka, gyaɗa ta yi tsalle ta faɗa ƙasa.

"Ba daka ake yi ba, sakarai, murzawa ake. Sassauta hannu."

Da ya sassauta, sai yatsunsa suka zame suka zauna cikin wasu 'yan lotsattsun wurare masu santsi a jikin icen. Wurin yatsun uwarsa ne. Sun yi masa kaɗan. Ya murza, kasko ya ce ƙurr, ƙurr, sak irin ƙarar da yake toshe wa kunne da matashi. Bai ɗago kai ba har ganyen ya yi laushi.

Gwaggo ta tsiyaya tafasasshen ruwa, miya ta tashi kore shar. Ta zubo shinkafa, ta jera mata yankakken koren wake da ganye da soyayyar awara da gyaɗa. Sook Yin ta kwarara miyar a kan kwano ɗaya, ta gauraya, ta tura gaban ubanta ba tare da ta dube shi ba. Haka uwarsa take turowa.

Ya kai loma. Ɗaci ne ya fara tarbarsa, ya yamutsa fuska. Can sai garɗin riɗi da gyaɗa ya biyo baya, da wani sanyi-sanyi a maƙogwaro. Ashe daɗi ne da shi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya cinye tas, ya ɗaga kwanon ya shanye ragowar, ko oho da abin da ya maƙale a haƙori.

Da za su tafi, Gwaggo Voon ta wanke muciyar, ta naɗe ta da tsumma mai tsabta. Kok Fah ya miƙa hannu biyu da ladabi. Ta kewaye hannun nasa, ta ɗora ƙunshin a kan cikin Sook Yin.

"Ke zan ba," in ji ta. "Shi an taɓa ba shi."