Ɗumi a Ƙarƙashin Agogo

Shekara ashirin da shida Kuramochi Tokie ta yi tana kula da agogunan haidirojin guda biyu na tashar da ke kan tsauni. A wani ɗaki suke can ƙarƙashin ƙasa, ɗaya tsoho ɗaya sabo, kowanne ya kai girman firji. Da su ake auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je wurin wani kumbo da ke can sararin samaniya ya dawo. In suka yi kuskure komai ƙanƙantarsa, sai a nemi kumbon inda ba ya nan.

Saura kwana huɗu a umarci kumbon ya karkata hanya, agogunan suka saɓa da juna. Ta sami shugaban tashar, Yanagida, yana cin taliyar soba a ofis, ta gaya masa.

"Tsufa ne, Kuramochi," ya ce. "Ke da tsohon agogon nan tare kuka fara aiki, dole ku fara ɗingishi tare. A bi sabon."

"Shugaba, wa ya ce maka ba sabon ne maƙaryacin ba?"

"Takardar kamfanin da ya ƙera shi."

Kwana biyu tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga komai ba. Ranar Laraba da hantsi sai agogunan suka daidaita don kansu. Aka yi ta murna a sama, ita kuwa ba ta yarda ba, don ta san agogon da ya zame ba ya komowa haka kawai.

Ta sauka ɗakin, ta cire silifa za ta durƙusa, ta taka daɓen da safa. Da ɗumi. Ƙarƙashin tsohon ya fi zafi, amma ɗumin ya riga ya kai ƙafafun sabon. Ma'aunin zafin ɗakin kuwa yana rataye can sama, inda iskar na'ura ke hurawa.

Ta kirawo Yanagida ta ce, "Cire takalminka."

Ya cire, ya taka daɓen, ya ji ɗumin.

"Ba gyaruwa suka yi ba, Shugaba. Zafin nan ne ya zamar da tsohon, yanzu ya kai ga sabon. Ƙarya ɗaya suka koma yi."

"Me ke ƙarƙashinmu?"

"Dutse. Haka aka ce mana."

Kafin azahar ya roƙi wata tasha a ƙetaren teku ta karɓi kumbon, da agogonsu aka juya shi lafiya. Masana duwatsu masu aman wuta suka zo, suka kafa na'urorinsu, suka tafi.

Ranar Lahadi, a ƙauyen da ke gindin tsaunin, wata mai gonar latas ta ɗebo ruwan rijiya, ta ji yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin warin da ke tashi in dutse mai aman wuta ya fara farkawa.